Kada A Yi Wa Kafireto Ƙazafi

(Jawabin da wani ɗan ƙungiya, mai sayar da kayan babur a Jimeta, ya gabatar a taronmu na wata-wata.)

  

Da farko dai in faɗa muku, ni ba bakanike ba ne, ban kuma yi karatun injiniya ba. Iyakar karatuna allo ne da Islamiyya. Amma tun jihar nan tana amsa sunan Gongola, kafin a raba ta a 1991 a fitar da Adamawa da Taraba, nake zaune a shagon kayan babur, da fari ina yaron shago, daga baya Allah ya ba ni nawa. Wanda kuwa ya shekara talatin da ɗoriya yana sauraron kukan masu mashin da na kanikawa, ko bai so ba sai ya tsinci wani abu. Abin da na tsinta shi zan baje muku.

Maganar da aka ce in yi ita ce ta mashin ɗin da ba ya zama a silo. Kowa ya san wannan ciwo. Ka tayar da babur, ka saki totur, sai ya yi ta rawar ɗari, ya hau ya sauka, ko ya mutu gaba ɗaya. Wani kuma sai ya yi zafi sannan ya fara. Da zarar haka ta faru, kalma ɗaya za ka ji a bakin kowa: kafireto. To, ni abin da na zo in faɗa shi ne, sau da yawa ƙazafi ake yi wa kafireto. Ko da kuwa a ce laifinsa ne, gyara yake so, ba jefarwa ba. Ni mai sayar da kafireto ne, in kun saya ni ke da riba. Amma ribar da aka ci a kan rashin sanin ɗan uwa ba ta da albarka.

Wani zai ce, ai tun da aka taƙaita hawa babur a cikin gari saboda matsalar tsaro, Keke Napep ta maye gurbinsa a titunan Jimeta da Yola, to ina ruwanmu? Da ruwanmu ƙwarai. Da yawa daga cikin 'yan uwanmu da babur suke cin kasuwannin ƙauye, ta wajen Ngurore, Mayo Belwa, Fufore, Gurin da Song. Keken da yaranmu ke ja, mafi yawansu da kafireto suke aiki. Haka janareton da ke shagonka, haka injin ban ruwa na masu noman rani a Geriyo da bakin kogin Binuwai. Duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ga kuma batun kuɗi. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin mai, cikin 'yan kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura 1,000. A ce mashin ɗinka yana ɓarnar rabin lita a rana saboda rashin saiti, a wata lita 15 ke nan. Yaron da ke biyan kuɗin keke kullum ga mai ita, wannan lita 15 ita ce cefanen gidansa.

Bari in ba ku labarin abin da ya same ni, don kada ku ce daɗin baki nake yi. Wata shekara ina da wani mashin da nake zuwa karɓar bashi da shi wajen abokan ciniki. Sai ya fara ƙin zama a silo. In na tsaya sai ya yi ta ihu kamar an murɗa totur, can kuma ya faɗo ya mutu. Na kai wa wani yaro bakanike, ya wanke kafireto, ya ɗaga silo, ya ce an gama. Kwana biyu abin ya dawo. Na fusata, na ce ai ina da kaya a shago, na ɗauko sabon kafireto dal aka ɗaura. Washegari ina dawowa daga Ngurore da yamma, da kuɗin mutane a aljihuna, mashin ya mutu a inda babu gida gaba babu gida baya. Na yi ta kiki har ƙafata ta sage. Da ƙyar na tura shi zuwa wani ƙauye bayan magariba. A nan wani dattijo mai gyaran injin niƙa ya haska fitila, ya kama kafireton ya ɗan girgiza, sai ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ba ka ga robar nan ta tsage ba?" Robar da ke haɗa kafireto da inji ce ta bushe ta dare ta ƙasa, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya. Abin da kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba, shi ya sa na yi asarar kafireto, na kuma sa raina da dukiyar mutane cikin haɗari. Tun daga ranar na yarda cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, mene ne aikin kafireto? Shi kamar mai dama kunu ne. Aikinsa haɗa fetur da iska daidai gwargwado, ya miƙa wa inji. Masana sun auna cewa in ana son mai ya ƙone sarai, kowane kilo ɗaya na fetur yana bukatar kusan kilo 15 na iska. In mai ya yi yawa kunu ya yi kauri, in iska ta yi yawa ya yi tsararo, inji kuwa ba ya son ko ɗaya. A ƙarƙashin kafireto akwai ɗan kofi da mai ke taruwa. Cikin kofin akwai wani abu mai iyo da kanikawa ke kira fulot, yana da 'yar allura da ke toshe hanyar mai in kofi ya cika. Akwai kuma jet guda biyu. Babban shi ke aiki in ana gudu, ƙaramin kuwa shi ke riƙe da inji a silo. Ramin ƙaramin jet ɗin nan siriri ne ƙwarai, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe shi.

Amma mai dama kunu ba zai yi abin kirki ba in an ba shi ruɓaɓɓen gari da ruwan kwata. Shi ya sa nake cewa a bi bincike daki-daki, a fara da abin da ba ya cin kuɗi, kamar yadda ɗan kasuwa in lissafi ya ƙi fita yake fara duba aljihunsa kafin ya zargi yaron shago.

Abu na farko, saurara, ka kuma duba. Inji yana faɗin ciwonsa. In mai ya yi yawa, za ka ga baƙin hayaƙi a salansa, ka ji warin ɗanyen fetur, mashin ya tashi da sanyin safiya ba tare da an ja cok ba, amma in ya yi zafi ya fara nauyi yana shaƙewa. In kuwa iska ce ta yi yawa, za ka ga in ka saki totur ba ya saukowa da wuri, salansa na yin tas-tas in ka rage gudu, inji na zafi fiye da ƙima, in kuma ka ɗan ja cok sai ya ji sauƙi. Kwance fulogi ka duba bakinsa. Baƙi ƙirin da busasshen kunkunniya, mai ya yi yawa. Fari fat kamar toka, mai ya yi kaɗan. Launin ƙasa-ƙasa kamar shayi da madara, lafiya lau. In kuwa ka same shi jiƙe da baƙin mai, ga shuɗin hayaƙi a baya, to wannan ba ruwan kafireto, zoben fistin ko bawul ne suka gaji. Sai dai irin tsofaffin mashinan nan namu na da, kamar Vespa, da ake haɗa musu fetur da baƙin mai, su shuɗin hayaƙi ɗabi'arsu ce.

Abu na biyu, man da ka zuba. Mu nan kusa da iyaka muke, kowa ya san yadda mai ya daɗe yana tsallakawa zuwa Garwa da sauran garuruwan Kamaru. A watan Nuwamba 2019 har hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen can suka koma dogaro da jarka da kwalba. Ba na zagin 'yan bumburutu, 'ya'yanmu ne, kuma sun sha fitar da mu kunya. Amma man da ya bi ta duro ya bi ta jarka, ya kwana a rana, dole ya kwaso tsatsa da ƙura da ruwa, wani ma a sirka shi da kananzir. Kai, ko gidan mai ba a rantse masa. Kun tuna a watan Fabrairu 2022 aka shigo da gurɓataccen fetur ƙasar nan daga Turai, mai sinadarin metanol fiye da ƙima, motoci da yawa suka lalace. Gwajin ba wuya. A gindin kofin kafireto akwai wani ɗan sukuru na zubar da mai. Kashe inji, ka tara farar kwalba, ka sassauta shi. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka in akwai shi za ka gan shi ya kwanta a ƙasa, dattin ma haka. Da damina a ƙara kula, balle wanda ruwa ya ci mashin ɗinsa, kamar yadda ya faru ga mutane da yawa a ambaliyar 2012 da ta 2022 da aka saki ruwan madatsar Lagdo. Ka kuma cire tiyo ka buɗe makunnin mai ka gani, yana zuba sosai ko ɗiga yake? In mashin yana tafiya kaɗan ya mutu, ka huta ya tashi, buɗe murfin tanki. In ka ji ya ja iska fuu, ɗan ramin numfashin murfin ne ya toshe.

Abu na uku, iska. Mu ƙasarmu ta ƙura ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo da ƙurar hunturu, ga hanyoyin ƙauye marasa kwalta. Matatar iska in ta toshe, inji ba ya numfashi, mai ya yi yawa. In ta soso ce, a wanke da kananzir ko ruwa da sabulu, ta bushe sarai, a ɗiga mata baƙin mai kaɗan a matse. In ta takarda ce ba a wanke ta, kaɗewa ake yi, in ta gaji a sake. Ina roƙon yaranmu da babbar murya, ku daina cire matatar iska ku jefar wai don mashin ya ƙara gudu. Ƙurar da za ta shiga kamar yashi take cin fistin, ka guje wa kashe ɗari ka kashe dubbai. Daga nan sai a duba robar nan da ta kunyata ni. Zafin Yola a watan Maris da Afrilu yana wuce digiri 40, roba kuwa ba ta jure irin wannan shekara da shekaru. Bar inji a silo, ka ɗan motsa kafireton da hannu. In sautin inji ya canja, akwai ɓaraka. Kada ka yarda da masu watsa fetur a kan inji mai zafi wai don gwaji, wannan wasa da wuta ne.

Abu na huɗu, wuta. Tsohon fulogi, ko hularsa da ta saki, ko waya da ta goge, duk suna sa rawar silo iri ɗaya da ta kafireto. Tazarar bakin fulogi a yawancin ƙananan mashinanmu tsakanin milimita 0.6 ne da 0.7. Hanya mafi sauƙi, ka aro fulogin da ka tabbata yana da lafiya ka gwada. Ni shawarata kowane mai zuwa ƙauye ya riƙa ajiye guda ɗaya da sufanarsa a ƙarƙashin kujera.

Abu na biyar, tafet da wayar totur. In tafet ya matse, bawul ba ya rufewa sosai, mashin yana wuyar tashi, in ya yi zafi ya mutu a silo, ko sau goma ka wanke kafireto ba zai ji ba. Saitin tafet da sanyin inji ake yi, da ma'auni, ba da ka ba. Wayar totur kuma, ka bar inji a silo ka juya kan mashin dama da hagu. In ihu ya ƙaru, wayar ce ta ɗaure ko aka bi da ita ta gurguwar hanya.

To, sai an wanke waɗannan biyar daga zargi sannan a gurfanar da kafireto. In an buɗe shi, a shimfiɗa tsumma mai tsabta, ba a kan ƙasa ba. A kwance ƙaramin jet a ɗaga shi sama, in ba ka hango haske ta cikinsa ba ya toshe. A wanke, a busa da iska. Kada a zura masa allura ko wayar birki. Tagulla ce mai taushi, in ramin ya faɗaɗa ba ya komawa, mashin ya zama mashayin mai har abada. A girgiza fulot a kunne, in ka ji mai a ciki ya huje. A duba kan allurarsa, in ya yi zobe ya cinye. Alamar wannan ita ce mai yana ɗiga ta ɗan tiyon ƙasa in an ajiye mashin. Kada a raina wannan ɗigon, kuɗi ne ke zuba, kuma gobara ce ke jiran ashana. Jet, allura, fulot da roba duk ana sayar da su ɗai-ɗai. Ba sai an sayi kafireto sukutum ba. Sau da yawa ma na asalin da ya zo da mashin, ko ya tsufa, ya fi sabon mai araha da za a ɗaura maka. Araha dai ba ta ado.

Saura saiti. A jikin kafireto akwai sukuru biyu. Ɗaya na ɗaga silo ne ko sauke shi. Ɗayan shi ke daidaita haɗin mai da iska a silo. In yana ɓangaren matatar iska, iska yake sarrafawa, ɗaure shi na ƙara mai. In yana ɓangaren inji, mai yake sarrafawa, ɗaure shi na rage mai. Kafin ka taɓa shi, ɗaure a hankali kana ƙirga zagaye har ya tsaya, ba da ƙarfi ba, don ka san inda za ka mayar in abin ya ƙi. Yawanci ana farawa daga wajen zagaye ɗaya da rabi. Sai inji ya yi zafi ake saiti, ana juyawa kaɗan-kaɗan ana saurare, har a sami inda sauti ya fi daidaita, sannan a sauke silo da ɗaya sukurun. Silon irin mashinanmu wajen juyi 1,400 ne a minti, wato bugawa a natse, ba ihu ba. Abin da na fi ƙi shi ne bakanike ya ɗaga silo sama don ya rufe ciwo, ya karɓi kuɗi. Wannan daidai yake da mai hatsi ya sa mai kyau a saman buhu. Mai na ƙonewa a banza, giya na shiga da ƙara, ciwon kuma yana nan. A kuma yi saiti a fili, kada a cikin shago ko zaure a rufe, domin a cikin hayaƙin salansa akwai guba marar wari, ya sha kashe iyalai masu kwana da janareto.

Ku sani kuma wuri da yanayi na canja saiti. Mashin da aka saita a nan kwarin Binuwai, in ka hau da shi tsaunin Mambila wajen Gembu, inda iska ba ta da kauri, sai ka ji ya yi nauyi yana baƙin hayaƙi. Ba lalacewa ya yi ba. Masu injin ban ruwa kuma, in za ku ajiye shi damina ta wuce, ku rufe mai ku zubar da na cikin kofi. Fetur in ya daɗe yana bushewa ya bar danƙo, danƙon nan shi ke toshe jet, ranar da kuka fi bukatar inji ranar zai ƙi tashi.

A ƙasar Indiya, inda ake ƙera Bajaj da TVS, tun watan Afrilu 2020 dokar hayaƙi ta sa yawancin baburan da ake sayarwa a can suka koma amfani da na'urar fesa mai wadda ƙaramar kwamfuta ke sarrafawa. Mu dai har yanzu yawancin namu masu kafireto ne, kuma wannan yana da alherinsa, domin da sukundireba da haƙuri ana gyara shi a ƙarƙashin bishiya. Amma yaranmu masu koyon kanikanci su buɗe ido, su koyi na zamani tun bai iso ya same su a zaune ba.

Iyayenmu da suka baro Kano, Katsina, Sakkwato da Haɗeja suka zauna a garin nan, ba da tarin dukiya suka zo ba, da amana suka zo, ita ta sa masu gari suka karɓe su hannu biyu. Saboda haka ina kira ga 'yan uwana masu shago, in mutum ya zo neman kafireto, ku tambaye shi me mashin ɗin yake yi kafin ku miƙa masa. Kanikawanmu, ku nuna wa mai mashin abin da kuka cire da abin da kuka sa. Masu mashin kuma, ku daina tsaya wa bakanike a ka kuna cewa sauri kuke, ku biya shi ladan bincike ko da bai canja komai ba, domin in ba a biyan bincike, dole ya ƙirƙiro abin canjawa. Ina kuma ba wa shugabanni shawara, a ware rana ɗaya a kawo tsohon kafireto nan, a gayyato ɗaya daga cikin dattawan kanikawanmu ya buɗe shi gaban matasa. Ni na ɗauki nauyin kawo kafireton da kayan aiki.

Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa. Inda na yi daidai Allah ya amfane mu, inda na yi kuskure kanikawan da ke cikinmu su gyara mini, ba zan ji haushi ba. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a kasuwa, ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya.